Yadda Ake Awo a Ɗakin Gwajin Ilimin Halittu, Daga Ƙwayar Wake Zuwa Fatar Albasa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A kasuwa wannan magana tana da wurin zama, domin mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal yana iya duban buhu ya faɗi yawan tiyar da ke cikinsa, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. A ɗakin gwajin ilimin halittu kuwa ƙima ba ta wadatarwa, saboda abin da ake aunawa sau da yawa ya fi ƙarfin ido, sannan wanda zai karanta sakamakon ba ya nan lokacin da aka yi awon, ba shi da abin dogaro sai lambar da aka rubuta masa. Na shafe shekaru ina koyar da bayoloji a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi, kuma abin da ya fi damuna duk lokacin da ake shirin jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO shi ne in ga ɗalibi ya san sunan kowane sashe na fure, amma ya rubuta cewa tsawon ganye 7 ne, bai faɗi ko santimita yake nufi ko milimita ba. Lambar da ba ta da ma'auni a gefenta ba ta gaya wa kowa komai, lambar da aka samo da kayan awon da bai dace da abin ba kuwa ta fi ta hatsari, domin tana kama da gaskiya.

A wannan bayani zan riƙa cewa "kayan awo" idan ina nufin rula ko sikeli da makamantansu, in ce "ma'auni" idan ina nufin mita ko giram ko lita, in ban da "ma'aunin zafi", wanda shi kayan awo ne. Abin da za a tanada bai taka kara ya karya ba: farin wake cikin hannu biyu, albasa ɗaya, zare, takardar giraf, fensir, da abin da ya samu na kayan ɗakin gwaji. Waken nan za mu bi tun yana busasshe har ya tsiro ya yi ganye.

Sanin ma'aunai kafin a taɓa kayan aiki

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a garuruwa biyu ya san mudun wani gari ba lallai ya zo daidai da na wani ba, kuma ko a kasuwa ɗaya akwai mai tula hatsi a kan mudu, akwai mai shafe bakinsa. Irin wannan saɓani ne ya sa ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Paris na Faransa a shekarar 1875, daga baya kuma, a 1960, aka tsayar da tsarin ma'aunai na duniya da ake taƙaita sunansa da SI. Tsarin yana da ma'aunai na tushe guda bakwai, amma mai nazarin halittu ya fi cin karo da mita ta tsawo, kilogiram na nauyi, daƙiƙa ta lokaci, kelbin na zafi, da mol na yawan sinadari. Har shekarar 2019 wani ɗan curin ƙarfe da ke ajiye kusa da Paris shi ne kilogiram na asali da duk duniya ke komawa gare shi, sai a watan Mayun shekarar aka sauya ma'anarsa aka ɗaure shi da wani adadi na kimiyyar fiziks da ba ya canzawa.

Abin da ya wajaba a haddace shi ne tsanin tsawo, domin a kansa ɗalibai suka fi zamewa. Mita ɗaya milimita 1,000 ce, milimita ɗaya maikromita 1,000 ce, maikromita ɗaya kuma nanomita 1,000 ce. Kowane mataki dubu ne, in ban da santimita da ta shigo tsakani, wadda milimita 10 ce kawai. Ya kamata kowane mataki ya kasance da abin da mutum zai riƙa tuna shi da shi: bishiyar kuka da mita ake auna ta, ganye da santimita, ƙwayar wake da milimita, jar ƙwayar jinin ɗan Adam tana da faɗin maikromita 7 zuwa 8, bakteriya irin ta cikin hanji tana da tsawon kusan maikromita 2, ƙwayoyin bairos kuwa galibinsu da nanomita ake lissafa su. Nauyi ma haka tsaninsa yake, daga kilogiram zuwa giram zuwa miligiram zuwa maikrogiram, dubu-dubu. Alamar maikro, wato µ, harafin Girkanci ce, kuma idan aka rubuta ta da gaggawa takan koma kamar m, alhali tsakanin µg da mg akwai ninki dubu. A takardar jarrabawa wannan maki ne ya tafi, a takardar magani kuwa rai ne ake wasa da shi.

Mataki na farko: zaɓen kayan awo da duba sifiri

Kafin a auna komai, sai a ɗauki kayan awon a nemo mafi ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin zane-zanensa, domin ita ce iyakar abin da zai iya faɗa da gaskiya. Rular makaranta milimita 1 ce iyakarta, saboda haka wanda ya auna da rula ya rubuta milimita 9.43 ya ƙara abin da rular ba ta gaya masa ba. Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce abin da za a auna ya ninka wannan ƙaramar tazara aƙalla sau goma. Ganyen da ya kai santimita 8 rula ta ishe shi, ƙwayar wake ta fi son kalifa, wato kayan awo mai baki biyu da ke kama abu a tsakaninsu, kaurin ganye kuma sai maikromita mai murɗawa, kayan awon da ya fi kalifa gano ƙanƙanin bambanci.

Bayan zaɓe sai duba sifiri. Rular da ta daɗe a jakar makaranta bakinta yakan cinye, don haka ya fi kyau a fara awo daga zanen santimita 1, a ƙarshe a cire ɗaya daga abin da aka karanta. Kalifa da maikromita a rufe bakinsu babu komai a ciki, a duba ko sifirin ɓangarorin biyu ya haɗu. Idan bai haɗu ba, a rubuta bambancin a gefen littafi a riƙa gyara kowane awo da shi, kada a ce ɗan kaɗan ne.

Mataki na biyu: tsawo da kauri

A zaɓi ƙwayar wake goma ba tare da an tsince manya an bar ƙanana ba. Kalifa mai baniya, wadda ta samo sunanta daga Bafaranshen nan Pierre Vernier da ya bayyana dabarar a 1631, tana da babban sikeli mai zanen milimita, da ƙaramin sikeli mai zamewa a jikinsa. A irin wadda aka fi samu a makarantu, zane goma na ƙaramin sikelin sun mamaye milimita 9 kacal, wannan ne ya sa take iya karanta kashi ɗaya cikin goma na milimita. A buɗe bakinta, a sa waken a tsaye ta tsawonsa, a matso da baki a hankali har ya taɓa shi ba tare da an danne ba. Karatun kashi biyu ne. Da farko a dubi inda sifirin ƙaramin sikeli ya tsaya a kan babba, a ɗauki zanen ƙarshe da ya wuce, a ce milimita 9. Sannan a bi zane-zanen ƙaramin sikeli ɗaya bayan ɗaya har a sami wanda ya yi layi ɗaya cif da wani zane na babban sikeli. Idan na huɗu ne, tsawon waken milimita 9.4 ke nan. A yi wa duka goman haka, a tara, a raba da goma.

Dole ido ya kasance kai tsaye a saman zanen da ake karantawa. Wanda ya leƙo daga gefe zai ga zanen da ba shi ne ya daidaita ba, kuma wannan kuskure yana bin rula da silindar awon ruwa da ma'aunin zafi duka.

Maikromita mai murɗawa kayan awo ce, kada a rikita ta da maikromita ta ma'auni, ko da yake sunansu ɗaya. A yawancinsu zagaye ɗaya na hannun yana matsar da baki rabin milimita, an kuma raba zagayen kashi 50, ke nan kowane zane milimita 0.01 ne. A ƙarshen hannun akwai wani ɗan maɓalli da ke yin ƙara idan baki ya kama abu daidai, da shi ake rufewa, kuma da zarar ya yi ƙara sau biyu ko uku a tsaya. Ganye abu ne mai laushi, idan aka murɗa da ƙarfi sai ya baje a sami kaurin da bai kai na gaskiya ba. Makarantar da ba ta da wannan kayan aiki ba ta rasa mafita ba: a yanka gutsuren ganye goma daga inda babu babbar jijiya, a jera su kan juna, a auna da kalifa, idan an sami milimita 2.4 to kaurin ɗaya milimita 0.24 ne.

Tun da an san tsawon waken, a nan ya dace a koyi lissafin girman zane, wanda ake tambaya kusan duk lokacin da aka ce a zana wani abu a jarrabawar gwaji. A zana waken babba da fensir mai tsini, a auna tsawon zanen da rula ta daidai inda aka auna waken, a raba tsawon zane da tsawon abin. Zane mai milimita 75 na wake mai milimita 9.4 ya ba da kusan 8, sai a rubuta ×8 a ƙarƙashin zanen. Wannan lamba ce da ba a sa mata ma'auni, domin milimita ta raba milimita, amma sharaɗi ne ma'aunin sama da na ƙasa su zama iri ɗaya. Na sha ganin an auna zane da santimita, abin da milimita, an raba haka nan, amsa ta fito ta nuna wai zanen ya fi abin ƙanƙanta.

Mataki na uku: nauyi

Harshenmu yana da kalma ɗaya, nauyi, ga abu biyu da kimiyya ta bambanta. Akwai yawan abin da ke cikin jiki, wanda ake aunawa da giram da kilogiram, akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jan jikin da shi, wanda ma'auninsa niyuton ne. A bayoloji kusan kullum na farkon ake nufi.

A ɗora sikelin lantarki a kan teburin da ba ya girgiza kuma bai karkata ba, a kashe fanka, a rufe tagar da ke kusa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Bauchi lokacin hunturu, domin iska kaɗai takan sa lambar ƙarshe ta riƙa rawa, ƙura kuma takan taru a kan faranti. A ɗora kwano ko takarda babu komai, a danna maɓallin da ke mayar da lamba sifiri, sannan a zuba abin. Ƙwayar wake ɗaya ta yi wa sikelin makaranta ƙanƙanta, shi ya sa ake ƙirga ɗari a auna su tare, kuma masu binciken iri ma da nauyin ƙwaya ɗari suke kwatanta wani iri da wani. A ce ɗarin sun ba da giram 20.0, ke nan kowace ƙwaya giram 0.20 ce.

Sai a jiƙa su a ruwa su kwana. Washegari a tsame, a goge ruwan da ke jikinsu da takarda mai shan ruwa ba tare da an matse su ba, a sake aunawa nan take, domin a busasshiyar iska jinkirin rabin sa'a ma yana rage nauyi. Idan sun koma giram 38.0, ƙarin giram 18.0 ne, a raba da nauyin farko a ninka da ɗari, ya zama kashi 90 cikin ɗari. Kullum da nauyin farko ake rabawa. Wannan gwaji yana nuna dalilin da ya sa masu nazarin tsirrai ba sa amincewa da nauyin ɗanyen abu idan ana maganar girma, tun da ruwa ne ya shiga, waken bai ƙara tsoka ba. Nauyin da ake dogara da shi shi ne na busasshe, wanda ake samu ta hanyar sa tsiron a oben mai zafin digiri 70 zuwa 80, a fitar, a bar shi ya huce, a auna, a mayar, har sai awo biyu a jere sun ba da lamba ɗaya.

Wanda yake shakkar sikelinsa yana da hanya mai sauƙi ta gwada shi, domin mililita ɗaya ta ruwa nauyinta kusan giram ɗaya ne. Mililita 100 da aka auna da kyau ya kamata ta ba da kusan giram 100.

Mataki na huɗu: yawan ruwa da cikar abu

Lita ɗaya mililita 1,000 ce, mililita ɗaya kuma daidai take da santimita kubik ɗaya, wadda ake rubutawa cm³. Ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi, wadda aka rubuta mata 50 cl, mililita 500 ce, wato rabin lita. Zane-zanen da ke jikin bika, wato kofin gilashi na ɗakin gwaji, ƙiyasi ne kawai, ba a awo da su. Silinda mai awo ita ce ta aikin yau da kullum, fifet da buret kuma, wato siraran bututun gilashi na awon ruwa, na aikin da ke son tsananin daidaito, idan babu su sirinji sabo da aka cire wa allura yana auna mililita 1 zuwa 10 da kyau.

A ajiye silinda a kan tebur, kada a riƙe ta a hannu, a durƙusa har ido ya yi daidai da saman ruwan. Za a ga saman bai miƙe ba, ya hau jikin gilashi ta gefe ya lotsa a tsakiya, kuma ƙasan lotsawar ake karantawa. Don sanin cikar wake, wanda siffarsa ba ta ba da damar lissafi da rula, a zuba ruwa mililita 50, a saka busasshen wake ɗari, a ɗan bubbuga silindar kumfa ta fita, a karanta da sauri kafin ya fara shan ruwa. Idan ruwan ya hau 66, cikar waken santimita kubik 16 ce.

Mataki na biyar: zafi

Ma'aunin zafi iri biyu ne a makaranta kuma ba sa maye gurbin juna. Na ɗakin gwaji yakan fara daga digiri 10 ƙasa da sifiri zuwa 110, na asibiti kuwa daga 35 zuwa 42 kawai, domin an yi shi ne don jikin mutum, wanda zafinsa kusan digiri 37 ne a ma'aunin Salsiyos. Wata rana wani ɗalibina ya tsoma na asibiti a ruwan zafi ya fashe, kuma laifina ne da na ajiye su a tire ɗaya. Idan haka ta faru da mai ruwan zaiba a ciki, kada a taɓa da hannu kuma kada a share da tsintsiya. A fitar da ɗalibai, a buɗe tagogi, a tattara ɗigon da takarda mai kauri a zuba a kwalba a rufe, domin tururinsa guba ne.

Wajen awo, kan ma'aunin ya nutse cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin bika ba, a motsa ruwan, a jira layin ya tsaya, a karanta yana ciki. Ana gwada ingancinsa da ƙanƙarar da ta fara narkewa, inda ya kamata ya nuna sifiri. Gwaji da tafasasshen ruwa kuwa yana da wani abu da ya kamata malaman yankinmu su sani: digiri 100 da ke cikin littafi na daidai da gaɓar teku ne, garin Bauchi kuwa ya ɗara teku da kusan mita 600, saboda haka ruwa yana tafasa a nan a wajen digiri 98, kuma ma'aunin da ya nuna haka lafiyarsa ƙalau. Wanda ya sami zuwa Yankari da ma'auninsa zai tarar ruwan maɓuɓɓugar Wikki yana wajen digiri 31, dare da rana. Idan an buƙaci kelbin sai a ƙara 273, zafin jiki ya zama 310.

Mataki na shida: girma da lokaci

A shuka jiƙaƙƙen waken a gwangwani goma masu huji a ƙasa, ƙasa iri ɗaya, ruwa daidai wa daida ba bambanci, wato kowane gwangwani a ba shi adadin da aka ba ɗan'uwansa da silinda. Da ya tsiro, a kafa ɗan tsinke a gefensa a yi masa alama daidai saman ƙasa, domin ƙasa takan zauna bayan ban ruwa ta sa tsiro ya yi kamar ya ƙara tsawo. Kullum a lokaci ɗaya, a ce ƙarfe takwas na safe, a auna daga alamar zuwa kan tsiron inda sabon ganye ke fitowa. Kara ko saiwar da ta lanƙwasa a bi ta da zare, a yi wa zaren alama, a miƙe shi a kan rula. Saurin girma shi ne ƙarin tsawo a raba da kwanaki: daga santimita 4.0 zuwa 13.0 cikin kwana shida ya zama santimita 1.5 a rana.

Faɗin ganye da takardar giraf ake samunsa. A shimfiɗa ganyen, a zagaye bakinsa da fensir, a ƙirga manyan murabba'ai na santimita ɗaya da suka cika, a ƙara da waɗanda ganyen ya ci rabinsu ko fiye, a bar sauran. Cikakku 34 da masu fiye da rabi 10 sun ba da 44 cm². A fili kuma, lokacin damina, ana ƙirga tsirrai irin tafasa da firam na katako mai mita ɗaya kowane gefe, a jefa shi sau goma ba tare da zaɓen wuri ba, idan jimilla ta zama 63 to akwai 6.3 a kowace murabba'in mita.

Mataki na bakwai: abin da ido ba ya gani

A nan ne na fi son ɗalibi ya natsu, domin a nan maikromita ke tashi daga kalmar hadda ta zama abin da ya auna da kansa. A yanka albasa, a ɓare ɓawo ɗaya mai tsoka, a ɗago siririyar fatar da ke cikinsa mai shara-shara, a yanki kaɗan a shimfiɗa a ɗigon ruwa a kan gilashin silaid. A ɗiga aidin, a jingina murfin gilashi a gefe ɗaya a saukar da shi a hankali da bakin allura don kada kumfa ta shiga. Idan madubin likitan da za a duba da shi, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, mai amfani da hasken waje ne, a juya madubinsa wajen taga, amma kada a taɓa fuskantar da shi ga rana kai tsaye, domin yana iya lalata ido.

Ƙarfin ƙara girma shi ne lambar gilashin ido a ninka da lambar gilashin da ke kusa da abin: 10 sau 4 ya ba da 40, 10 sau 10 ya ba da 100, 10 sau 40 ya ba da 400. Kullum da mafi ƙanƙanta ake farawa. Kafin a ɗora albasar, a ɗora rular roba mai nuna haske a kan dandamalin madubin inda ake ɗora silaid, a daidaita har zanen milimita ya fito, a matsar da zane ɗaya zuwa gefen hagu na da'irar hasken, a ƙirga milimita nawa suka ratsa tsakiyarta. A ce an sami 4 a ƙarfin 40. A ƙarfin 100 da'irar za ta ragu daidai gwargwadon yadda ƙarfin ya ƙaru, wato 4 sau 40 a raba da 100, milimita 1.6, ko maikromita 1,600. Yanzu a cire rula a ɗora albasa a ƙarfin 100, za a ga ƙwayoyin halitta a jere kamar bulon gini. A ƙirga nawa ne suka jeru ta tsawonsu daga wannan gefe zuwa wancan ta tsakiyar da'irar. Idan biyar ne, kowace tana da tsawon kusan maikromita 320, wato ƙasa da sulusin milimita. Wanda ya riƙe wannan lamba ya kwatanta ta da maikromita 7 ko 8 na jar ƙwayar jini zai gane dalilin da ya sa ma'aikacin ɗakin gwajin asibiti yake buƙatar ƙarfin 1,000 da ɗigon mai kafin ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ke zaune a cikinta. Madubin da ke aiki da haske ba ya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan maikromita 0.2, shi ya sa galibin bairos sai da madubin lantarki ake ganinsu.

Rubuta sakamako

A zana jadawalin tun kafin a fara awo, a sa ma'auni sau ɗaya a kan kowane ginshiƙi, a cikin gidajen kuma lambobi zalla. Lambobin ginshiƙi ɗaya su zama da adadi ɗaya bayan ɗigo, idan ana rubuta 9.4 da 8.7, to tara cif 9.0 za a rubuta. Alamomin ma'auni suna da ƙa'ida: kg da cm da mm ƙananan haruffa ne, ba a ƙara musu harafin jam'i, kuma ana barin ɗan fili tsakaninsu da lamba. Kowane awo a maimaita shi sau uku, a rubuta nan take a littafi, ba a tafin hannu ko a ka ba.

Idan lamba ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta, misali tsiro tara suna tsakanin santimita 12 da 14 na goma kuma ya nuna 6, kada a goge ta kuma kada a gyara ta don ta yi kama da saura. A koma a sake aunawa. In kuskuren karatu ne, a ja layi ɗaya a kan tsohuwar a rubuta sabuwa a gefenta. In kuwa tsiron ne gajere, a duba ko tsutsa ta ci saiwarsa ko gwangwanin ya toshe ruwa ya kwanta, a rubuta abin da aka gani a ƙarƙashin jadawalin tare da kwanan wata.